Hoton Yayana Ya Tafi da Tsohuwar Kamara

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ina cikin ɗaukar hoton layin mata a wurin rabon hatsi a Dungu waya ta shigo daga Legas. Wani ɗan garinmu ne. Ya ce Yayana ya rasu, zazzaɓi ne, har sun kai shi makwancinsa. Ban yi kuka ba. Kamarar da ke wuyana kawai na duba.

Ni mai hoto ne a Matameye. Bara damina ba ta yi ba, ga sojoji sun karɓi mulki, biki da suna duk sun ja baya. Da Yaya zai tafi ci-rani, ya zo shagona da babbar rigar aro. Bai taɓa tsayawa gaban kamara ba sai ranar. Ya ce in wanke wa Inna ta riƙa ganinsa, na ce to. Amma mu masu hoto, na 'yan gida shi muke bari ƙarshe, sai hoton ya yi ta zama a katin kamara ba a wanke ba.

Ana haka wata ƙungiyar agaji ta nemi mai hoto, suka ce tsohuwar kamarata ba ta fitar da hoto yadda suke so. Na je Damagaram wurin wani Alhaji mai sayar da kayan hoto, muka yi musaya da sabuwa. Ya ce ba zai karɓi tawa ba sai da katinta, ga motar gida tana shirin tashi. Wallahi na san hoton Yaya yana cikin katin, amma na bar masa. Na ce a raina ai da ruwan fari zai dawo, in ɗauke shi da sabuwa ya fi kyau. Wa ya ba ni wannan tabbacin?

Bayan sadakar bakwai Inna ta kira ni. Yaya ɗan fari ne, ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ko a ranar ba ta faɗa ba.

"Ina hoton yayanka?"

Na ce yana wurin wanki a Damagaram. Na koma wurin Alhaji, ya ce tun ranar ya goge katin.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya hana ni sukuni. Muna kama da Yaya ƙwarai, Inna kuma idonta ya yi rauni. Na sake aro rigar nan, na sa hularsa, na kafa kamara na ɗauki kaina, na wanke hoton. Sabuwar ba ta ɓoye komai, har tabon da ke girata ya fito, wanda Yaya ba shi da shi. Inna ba za ta gani ba. Amma matarsa fa, da take takaba? Ɗan da ke cikinta fa, ni zai tashi yana nunawa a ce babansa?

Da kamarar nan nake ciyar da gida biyu yanzu, ba zan ce ba ta yi amfani ba. Amma ba na iya kallonta.

Jiya Inna ta sa an kafa ƙusa a bangon ɗakinta, daidai inda take salla. Jama'a, me zan yi? In gaya mata gaskiya, ko in miƙa mata?

Hoton yana aljihuna, ban ba ta ba tukuna.