Kasko Biyu a Gidan Baba

Zuwa ga ƙanena Toma,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya, kai da aikinka da ruwan Fatakwal ɗin nan da ka ce ba ya ɗaukewa. Allah ya tsare ka duk inda ka sa ƙafa. Mu nan kowa lafiya. An cire masara, dawa ce ta rage. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta taka zuwa sujada ranar Lahadi. Yaya Maitama yana nan yadda ka bar shi. Tun rigimar da kuka yi da ka nemi a yanka maka gonarka daga gandu bai ƙara ambaton sunanka ba, amma in ka kira Mama a waya sai ya rasa abin da zai tashe shi daga wurin.

Maganar karenka Soja ce ta sa na ɗauki biro, don saura kaɗan ka dawo ka tarar ba ya nan. Ɗan kwikwiyon da ka ɗauko daga Funtuwa cikin kwali ya zama ƙato, har ya fi Duna, tsohon karen Baba, tsayi. Tun da damina suke faɗa, kwanan baya kuma ya yaga wa Duna kunne. Baba ya ce ya gaji, zai ba wasu mafarauta na Dandume shi. Raina ya ɓaci sosai, don shi kaɗai ne abinka da ya rage yana motsi a gidan nan.

Ka san ni da bin diddigi. Na roƙi Baba ya ba ni mako guda, na koma ina tsinke gyaɗa a gindin rumbu ina kallonsu, har Mama ta ce ko aikin gwamnati aka ba ni. Abin da na gani ya ɗaure min kai. Ni a zatona Soja ya ƙwace girman gidan gaba ɗaya, ashe ba haka ba ne. In baƙo ya yi sallama, sai ya dubi Duna tukuna, in tsohon bai ɗaga kai ba shi ma ya yi shiru. In za a tafi gona Duna ne a gaba. Inuwar ƙarƙashin rumbu ma ta Duna ce, kallo ɗaya zai yi wa Soja ya koma rana ya kwanta, duk girman jikin nan nasa. Amma da an zuba ƙanzo a kasko sai ya zama wani kare daban. Ya tsaya a kai, jiki a sandare, wutsiya a sama, Duna kuwa ya kau da kai yana lasar baki, sai yunwa ta ci ƙarfinsa ya matso, shi ke nan an kaure. To wane ne babba a cikinsu? Har yau ban iya cewa ba. Kamar kowanne yana da wurin da aka bar masa, sai kaskon nan ne ba su daidaita a kansa ba.

Kasko ɗayan kuwa dokar Baba ce. Ka tuna yadda yake haɗa ku da Yaya a akushi ɗaya, ko kuna gaba, wai hannu in yana haɗuwa a kwano zuciya ba ta rabuwa? Haka ya ce a yi wa karnukan don su shaƙu. Ni kuwa na samo tsohuwar tukunyar Mama da ta fashe, na zuba wa Duna nasa a gindin rumbu, na kai wa Soja nasa bayan turken awaki. Da Baba ya gani ya yi ta faɗa, ya ce a gidansa ba a raba kwano. Na tuna masa makon da ya ba ni bai cika ba.

Toma, kwana shida ko gurnani ba a yi ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, in Soja ya cinye nasa sai ya zagayo ya kwanta kusa da Duna yana lashe masa kunnen da shi ya yaga. Jiya da hantsi Baba ya zauna a kan turmi yana kallonsu. Can ya ce, “Ashe raba musu kwanon ne ya sa suke neman juna.” Ya aika wa mafarautan cewa ya fasa. Sannan ya kira ni ya ce in rubuta maka, in ka zo Kirsimeti gonar bakin rafi taka ce, ka noma abinka. Sai da na shiga ɗaki na yi kuka.

Baba da Mama suna sa maka albarka. Gwaggo Salama da mutanen Tsiga suna gaishe ka. Ka gaishe min da Jibril abokin zamanka, ka ce mun gode da kulawa. Yaya Maitama bai ce in gaishe ka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma yau da sassafe na gan shi ya nufi bakin rafi da gatari, yana saro turakun da zai kafa maka iyaka.

Taka har kullum,
Yayarka Salome