Goron da Di'o Ya Amsa

Zuwa ga Barakatu, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, farin watan da ya tsaya a sararin zuciyata ya ƙi faɗuwa! Gaisuwa daga Muttaka, wanda kunya ta kusa kashewa a garin kakanki, son ki kaɗai ya riƙe masa numfashi.

Kin tuna ranar da muka tsaya a bakin ruwan Mairuwa, iska na wasa da gefen gyalenki, kina ba ni labarin Dutsen Bika? Kika ce gari ne shiru, barewa na shan ruwa kusa da masu wanki, zabin daji na ratsa kasuwa ba mai korar su, ga tsohon barikin Bature na dutse da kakanki Baba Sha'ibu ke gadi. Duk haka na tarar, ya tauraruwata. Kika kuma ja mini kunne: in na je neman aurenki, kada in kuskura in ɗaga ido in dubi Baba, ya tsani yaro mai tsaurin ido. Wallahi na bi umarninki har na wuce gona da iri.

Tun daga ƙofar bariki na tuɓe takalma, na sunkuyar da kai, na nufi baranda inda na hango gefen bargo a kan kujerar Baba. Na durƙusa. Na gaishe shi da gajiya, da iyali, da damina. Aka yi gyaran murya irin ta manya. Sai na zuba: asalina, gonarmu ta Ruwan Godiya, yadda tuwo ke tsaya mini a wuya in na tuna ki. Har hawaye na yi, Barakatu! Na miƙa ƙullin goro da hannu biyu, aka amsa. Sai dai hannun da ya amsa gashi ne har farce.

Inna lillahi! Ashe ƙaton gwaggon biri ne, wanda mutanen garin ke kira Di'o don ya gaje gidan Bature. Baba kuwa yana gindin tsamiya da dattawa, tun sallamata suke kallo, ba wanda ya ce uffan. Haba! Shirun gari har ya kai a ga baƙo yana kuka gaban biri a ƙyale shi?

Da na rarrafa gaban Baba, ko murmushi bai yi ba. Cewa ya yi, "Wanga yaro, wanda ya amshi goro shi ka ba da aure. Tahi ka ji daga bakinshi."

Tun ranar ina nan, ya furen zuciyata. Kowace hantsi ina zaune gefen Di'o ina jiran hukunci. Ya cinye goron, ya ɗanɗana hulata ya yar. Masu sayar da fura suna kirana surukin Di'o. Baƙi daga Ƙanƙara sun ɗauke mu hoto tare. Jiya ya matso ya shiga tona mini gashin kai, liman ya ce a ganinsa amincewa ce, ladan ya ce ina, binciken asali ne dai ake wa kowane mai neman aure.

Yau Baba ya kira ni. Ya ce ba zai ba da jikarsa ga wanda gari ke wa dariya ba, sai in ita ta zo ranar kasuwa, gaban waɗanda suka ga abin da idonsu, ta faɗa da bakinta ta ji ta gani tana so.

Birin bai ba ni tsoro kamar wannan sharaɗin ba, Barakatu, ke nake tsoro. Na san hoton ya riga wasiƙar nan isa wayarki, na kuma san bakin ƙawayenki. Za ki iya tsayawa tsakiyar kasuwa, ana ƙyaƙyata dariya, ki nuna ni da yatsa ki ce wancan ne nawa? Ki zo, don Allah ki zo! In ba ki zo ba, ba zan ga laifinki ba, amma ban san fuskar da zan koma gida da ita ba.

Naki, ko kin zo ko ba ki zo ba, har ƙasa ta rufe mini ido,

Muttaka