Kwanon da ya dawo wayam

Juma'a, bayan isha'i

Yau na ji kunya. Na gama tuwo da miyar kuka, na zuba a kwano kamar kowace Juma'a, na je na ƙwanƙwasa ƙofar Maman Hafsat. Wata 'yar Indiya ce ta buɗe. Sai lokacin na tuna su Maman Hafsat sun koma unguwar Al Muntazah, tunda aka rage wa mijinta albashi. Na miƙa mata tuwon kawai.

Da, layinmu na unguwar Ain Khaled a nan ƙasar Larabawa ƙamshin daddawa yake. Yanzu cikin 'yan ƙasarmu mu kaɗai muka rage.

Da magariba matar ta dawo min da kwanon a wanke tas, tana ta godiya. Ba laifinta ba ne. Amma Maman Hafsat ba ta taɓa dawo da shi wayam ba, ko dabino ne sai ta saka.