Rigar da Inna Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Gumel, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Sabo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara.

Kwamfutar da ka aiko mini don shagon buga takardu ta iso. Akwatinta dogo ne, na farin ƙarfe, da maɓalli biyu a gaba, bayansa kuma duk ƙananan huduji. Da Inna ta gan shi, sai ta auna da hannu, ta ɗinka masa riga da ragowar atamfarta, duk da ciwon idon nan nata.

Tun daga ranar, kullum da azahar sai kwamfutar ta mutu ana cikin aiki. Mai gyara ya ce akwai 'yar fanka a ciki, ta hudujin nan take fitar da zafi, rigar ce ta toshe su. In ba a cire ba, za ta ƙone. Na cire, na matsar da akwatin daga jikin bango, ta daina mutuwa.

Inna ba ta yi musu ba. Ta karɓi rigar, ta yanke bayanta da almakashi, ta kalmashe bakin, ta mayar. Ta ce kayan ɗanta ba za su zauna tsirara a gaban mutane ba.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gidan. In za ka ba da amsa, ka yabi ɗinkin. Ko ka manta ma, ni ce mai karanta mata, zan ƙara da bakina.

Ƙanwarka,
Talatu