In faɗa masa iska na zuwa, ko in bar rumfarsa ta tashi?

Anti Verna,

Don Allah ki taimake ni kafin Asabar. In ba ki amsa ba zan aikata abin da na ƙudura, kuma abin da ke ba ni tsoro shi ne ba na jin zan yi nadama.

Na ba hamsin baya, ina koyar da tarihi a sakandare, mijina Hollis ya rasu shekara uku ke nan. Tun kafin mu yi aure, duk ranar da ƙungiyar ƙwallon jami'armu ke wasa a gida, danginsa kan yi sammako su kama wuri a filin ajiye motoci, a buɗe bayan a-kori-kura, a kafa rumfa, a hura gawayi, a ci a sha har lokacin shiga kallo. Hollis ne mai gashin nama. Ni kuwa sama ce aikina. Duk Alhamis nakan zauna in karanta dogon bayanin da masu hasashen yanayi ke rubutawa, ba ɗan hoton ranar nan mai murmushi da ke kan waya ba, sannan in aika wa kowa saƙo. A zo da bargo. A bar kek mai kirim a gida, zai narke. A ƙara ɗaure rumfa. Fiye da shekara ashirin ina wannan, kuma ba wanda ya taɓa komawa gida da mura saboda ni.

Bara, ranar wasanmu da manyan abokan hamayya, na ce akwai yiwuwar ruwa mai ƙarfi. Yiwuwa na ce, Anti, kuma saƙon yana nan. Aka fasa kafa rumfa, kowa ya ci burodi mai sanyi a cikin motarsa, rana kuwa ta fito tarwai kamar da gangan. Daga ranar ƙanin mijina, Wendell, ya samu abin yi. Ko atishawa wani ya yi sai ya ɗaga kai ya ce, “A tambayi Uwar Hadari ko yayyafi ne.” Ranar Kirsimeti ya naɗe mini kyauta a takarda mai ƙyalli, na buɗe a gaban kowa: lema, an buga mata Uwar Hadari da manyan haruffa. Kowa ya yi dariya, har da surukata Mama Opal, wadda ni nake kai ta asibiti duk wata. Na yi dariyar ni ma, don ni ba yarinya ba ce.

Ba lemar ce ta fi ƙona mini rai ba. Da kakar wasa ta bana ta kama, Wendell ya cire ni daga zauren saƙon dangi, wai wayarsa ta ishe su sanin yanayi, kuma ba ta da tsegumi. Ya sayi sabuwar rumfa fara, katuwa, mai labule ta gefe uku, da talabijin, da fitilar ado tana lilo a tsakiya kamar ɗakin biki. Tsohuwar rumfar Hollis kuwa ya ba da ita. Ita ma da na haƙura. Amma Hollis yana da bokitai huɗu da ya cika da siminti da hannunsa, da ƙugiya a kowanne, su ake ɗaure wa ƙafafun rumfa tunda ba a kafa turke a kwalta. A saman simintin akwai shatin tafin hannun 'ya'yanmu suna ƙanana. Wendell ya ce munanan abubuwan nan suna ɓata hoto. A bakin titi na tsince su, kusa da kwandon shararsa, ina wucewa zuwa makaranta. Ni kaɗai na ɗaga su na sa a mota, sanye da takalmin aiki, bayana bai gafarta mini ba har yau.

To ga abin da na sani. Asabar ɗin nan tsofaffin ɗalibai ke dawowa, filin zai cika maƙil, Wendell ya gayyaci maigidansa na wurin aiki don ya ga rumfa. Wayarsa tana nuna masa rana. Gaskiya ne, da safe za a yi rana da ɗumi. Amma akwai sanyi da ke gangarowa daga arewa maso yamma, zai iso wajen tsakar rana, kuma kafin ɗigon ruwa na farko iska ce za ta riga shi, irin mai zuwa farat ɗaya. Rumfa mai labule gefe uku, bakinta a buɗe ta yamma, ba komai a ƙafarta sai fatan alheri. Ba sai na yi miki bayani ba.

Wata abokiyar aikina ta ba ni gurbinta na ajiye mota a layin da ke fuskantarsu. Na ari ƙaramar rumfa, zan ɗaure ta da bokitan mijina, in ɗora tukunyar wake da niƙaƙƙen nama mai yaji, in zauna da bargona in yi kallo. Ina so in ga fitilar nan ta ado ta haye kan motoci. Ina so in ga Wendell yana bin labule a guje a gaban maigidansa. Na koyar da labarin sarakunan da suka kori mai faɗa musu gaskiya har na haddace, na san ƙarshensu, sau ɗaya dai nake so in gani da idona.

Sai ga shi jiya Twyla, matar Wendell, ta turo mini saƙo a ɓoye: “Yaya, ya kike ganin Asabar? Zan sa farar rigata, kuma Mama ta dage sai an kai ta.” Na rubuta mata amsa cewa ta sa rigarta, garau ne. Ban tura ba. Yatsana yana kan maɓallin turawa tun jiya. In tura? Ko in yi shiru kawai, tunda an ce ba a buƙatar bakina? Ba ni na kori kaina ba.

Wadda aka raɗa wa Uwar Hadari

*

Baiwar Allah,

Ki goge saƙon nan yanzu, kafin ki ƙarasa karanta amsata. Zan jira.

An zalunce ki, ba na shakka. Tsokanar lema ta wuce wasa tun da aka maimaita ta shekara guda, kuma jefar da bokitan nan rashin imani ne. Mai yiwuwa Wendell ba ya iya kallonsu ne, don shi ma ɗan'uwa ya binne, akwai mazan da baƙin cikinsu kan fito da siffar sayayya. Ko da haka ne, waya ɗaya ta ishe shi ya ce ki zo ki ɗauka. Bai yi ba. Fushinki yana kan gaskiya.

Amma ki sake karanta wasiƙarki. Kin kwatanta mini tashin rumfar dalla-dalla, har inda fitila za ta sauka, ba ki faɗi inda Mama Opal za ta kasance ba. Ni zan faɗa miki: a kujerarta, a ƙarƙashin sandunan ƙarfe, kusa da garwashi. Wendell zai iya gudu. Tsohuwar da kike kaiwa asibiti ba za ta iya ba, haka ma 'ya'yan mutanen da ke layin baya. Iska ba za ta duba wanda ya yi miki dariya ba. In kika tura ƙarya, ke kika kwance rumfar. In kika yi shiru bayan an tambaye ki, bambancin kaɗan ne, kuma kin fi ni sanin haka, shi ya sa kika rubuto.

Ki lura kuma da abin da fushi ya rufe miki. Twyla tana kwana gida ɗaya da wayar Wendell, amma ke ta tambaya. Ba a daina yarda da ke ba, tsoron bakinsa ake ji.

Ga shawarata. Ki ba ta amsa ta gaskiya, gajera, ba gori: iska mai ƙarfi wajen tsakar rana, a cire labule, a ɗaure ƙafafu da nauyi, a nisanta gawayi. Ki ce ta sa a zauren dangi da sunanki. Ki ƙara da cewa Mama Opal za ta zauna a rumfarki, ke za ki ɗauko ta. Wannan ba roƙo ba ne, sanarwa ce. Daga nan kin sauke nauyi. Bokitai naki ne da 'ya'yanki, ba a ba da aronsu. In Wendell na son nauyi, ana sayar da buhun yashi, ya ɗauka da bayansa.

In ya ji maganarki, ya amsa a gaban kowa cewa ya san wa ake tambaya. In ya ƙi, mutane za su san su matsa, kuma duk abin da ya tashi sama nasa ne shi kaɗai. Ki kalla son ranki, ba zan hana ki ba. Sai dai ki dafa waken da yawa, don masu rawar sanyi za su tsallako, shi ma a ƙarshensu. Ki zuba masa.

Abu na ƙarshe: sama ba ta yi wa kowa alkawari ba, ta yiwu iskar ta makara ko ta kauce. Saboda haka ki tafi da lemar nan. In an yi ruwa, ki riƙa wa surukarki. In rana ce, ki buɗe ta da kanki kafin wani ya buɗe baki.

Allah Ya jiƙan Hollis, Ya sanyaya miki zuciya, Ya ba 'yan wasanku nasara.

Anti Verna