Auta Za Ta Ci Gaba da Shan Maganinta

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigida da yara, kuma gwiwar nan da ke damunki ta yi sauƙi. Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya tsare ku a inda kuke. Mu ma nan sai godiya. Babansu yana nan yana fama da zarto, kullum ya dawo da ƙurar katako har cikin kunne. Gwaggo ta daina fita, amma bakinta bai tsufa ba ko kaɗan.

Yaya, na ɗauki biro ne don a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Na samu labari kin kira 'yata Auta kin ce mata ta bi maganar Fasto, ta ajiye maganin farfaɗiyarta ta shiga azumi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Na san ƙauna ce ta sa ki, amma rabin labari aka ba ki, to ga sauran.

Kin san shekara da shekaru ciwon nan ya lafa tunda likita ya ɗora ta a kan ƙwaya. Wata Lahadi ta manta ba ta sha ba, ana tsakiyar waƙa ta yanke jiki ta faɗi a majami'a. Yaya, sai ki ga mutane suna ja da baya! Matan da muke zumunta tare suka tattare zannuwansu, wai kada yawunta ya taɓa su su ɗauka. Wani ya rugo da cokali zai cusa mata a baki, da ƙyar na ture hannunsa. Ni kaɗai na durƙusa na juya ta gefe na tallafe kanta. Tun ba a tashi ba har an fara raɗa cewa aljani ne. Lahadi ta gaba Fasto ya yi wa'azi a kan yaron nan da mahaifinsa ya kawo wurin Ubangiji, wanda abin ke jefa shi wuta da ruwa. Ya ce irin wannan addu'a da azumi yake so, dogara ga ƙwaya kuma raunin bangaskiya ne. Bai kira suna ba, amma duk wuya ya juyo wajenmu.

Auta ta ji kunya, ga kuma kiranki a kai, sai ta daina shan maganin a ɓoye, ta daina cin abinci. Ni ina can ina murna yarinya ta ƙara kusantar Allah. Ashe! A shagon ɗinki abin ya kama ta, tana goge rigar mutane, ta faɗa kan dutsen guga. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu fata ta saluɓe. Har yau ni ke wanke mata ciwon, tana cije leɓe don kada in ga tana kuka.

Fasto ya zo dubiya, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, idonsa ya kawo ruwa. Ba mugu ba ne, da zuciya ɗaya yake yi. Ya zauna a kujerar nan ta falo mai gurguwar ƙafa, na kawo Littafi Mai Tsarki muka buɗe wurin tare. Na ce masa ni ban je makarantar tauhidi ba, amma na lura kafin Ubangiji ya yi komai sai da ya tambayi uban tun yaushe abin ke damun yaron, ya tsaya ya saurara. Uban ma da bakinsa ya amsa cewa bangaskiyarsa ba ta cika ba, duk da haka ba a kore shi ba. Maganar azumin kuma, in ma tana wurin, don ba a kowace fassara take ba, almajirai aka faɗa wa, ba yaron da ke birgima a ƙasa ba. In azumi ake so, na ce, shi da dattawa da ni mu yi, a bar mara lafiya ta ci abinci. Ya ce ba a tsinko Nassi yadda ya yi wa mutum daɗi, kuma Allah yana da ikon warkarwa ba tare da likita ba. Na ce wannan na yarda ɗari bisa ɗari, amma wa ya ba likitan basira? Tsoron yawu da maganar aljani tun muna yara muke jin su a bakin kakanni, ba a Bishara muka samo su ba. Mun shigo da tsohon tsoronmu majami'a ne muka nema masa aya.

Maganar ta kai ga dattawa. Suka ce na yi jayayya da bawan Allah, ko in tashi gaban jama'a in janye, ko su sa ni a horo. Na ce su sa. Yanzu sun hana ni jibin Ubangiji, sun karɓe jagorancin waƙar mata, sun mai da ni bencin baya kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya. Ya yi mini ciwo, Yaya, na yi kuka har na gode Allah. Amma majami'ar ba zan bari ba, ba gidan kowa ba ne, kuma ba zan ce na yi kuskure ba alhali ina ganin hannun 'yata.

Lahadin da ta wuce Auta ta bar wurinta ta zo ta zauna kusa da ni a bencin horo. Wurin da aka karanta ranar kuwa labarin yarinyar nan ne da Ubangiji ya tashe ta daga mutuwa. Kin taɓa lura da abin da ya umarci iyayenta bayan ta tashi? Cewa ya yi a ba ta abinci. Auta ta dube ni, ta buɗe jakarta, ta ciro burodi da gorar ruwa da ƙwayarta, ta sha a gaban kowa. Wasu suka juyo suna kallo, ni ma na zuba musu ido har suka gaji suka juya.

Ki gaishe mini da maigida, da Dogo, da 'Yar Lele da jaririnta. Babansu da Gwaggo suna gaishe ki, Kawu ma ya ce kin manta da shi. Addu'arki muna so ƙwarai, kada ki fasa. Amma in za ki sake kiran Auta, ki tambaye ta ko ta ci abinci, ko ta sha magani. In wata magana ce daban, ni za ki kira, ni na haife ta.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Auta