Na Yi Shiru Aka Ɗora wa Zubairu Laifin Rapor Ɗina

Tanti Nasiba, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Sunayen da zan ambata ma na sake su. Sati biyu ke nan ina fara wannan wasiƙa ina gogewa, yau dai na ce ko ta yi kyau ko ba ta yi ba sai na aiko.

Ni mace ce, shekarata talatin da shida, da aurena da 'ya'ya huɗu. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya a nan Tasawa. Aikinmu sasanta manoma da makiyaya kan rijiyoyi da burtali, wato hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa. Shekara bakwai ina shiga ƙauyuka. Zama da mutane bai taɓa yi mini wuya ba, tsoho ko tsohuwa na san yadda zan yi su saki jiki. Inda nake shan wahala shi ne rubuta rapor, wato rahoton aiki. Lakwal ɗina, wato karatun bokona, a kolej ta tsaya, kuma Faransancina na baki ne. Duk rapor da na miƙa sai shef, wato shugaban ofishinmu, ya maido mini da shi jajawur da jan biki, alƙalaminsa na gyara. Akwai ranar da ya karanta wani layi nawa a gaban kowa aka bushe da dariya. Ni ma na yi dariyar, amma ranar ban iya cin abincin rana ba.

Bara wani saƙo ya shigo grup ɗinmu na tsoffin 'yan aji, wai umarni goma da za ka ba manhajar nan ta IA mai amsa tambaya ta sauƙaƙa maka aikin biro, wato ofis. Na gwada ɗaya. Ana cewa ka rubuta mata: kai ƙwararren marubucin rapor ne, ka gyara wannan bayani cikin Faransanci mai kyau, ka fito da nasarorin da aka samu. Sai ka liƙa mata abin da ka rubuta. Tanti, na zuba mata kwamacalar rubutuna, rabi Hausa rabi Faransanci, kafin in kurɓi ruwa ta fito da shafi uku tsaf. Aikin da ke cin mini kwana uku ya koma na minti ashirin. Shef ya daina jan biki. Har ya riƙa ɗaga rapor ɗina a taro yana cewa kowa ya yi koyi da ni. Ban gaya wa kowa ba, ko maigidana. Na bar su suna zaton karatu nake a ɓoye, kuma wallahi daɗi nake ji.

To, kafin saukar damina aka tura mu wani ƙauye wajen Tchaké, ni da abokin aikina Zubairu. Shi ɗan gidan makiyaya ne, ya girme ni da wajen shekara goma, shi ke yi mana tafinta idan an juya harshe zuwa Fulatanci. Manoman garin suna so a kauda burtali daga inda yake a mayar da shi bayan tudu, don su noma tsohuwar hanyar. Makiyaya kuma suna ganin hakan zai ƙara wa shanu tafiya mai nisa kafin su isa rijiya. Aka zauna gindin gawo tun hantsi har azahar. Daga ƙarshe Ardo Bube, dattijon makiyayan, wanda duk zaman da Hausa yake magana, ya juya zuwa Fulatanci ya yi 'yar gajeriyar magana. Zubairu ya fassara mini: ya ce sun ji, za su koma su yi shawara da mutanensu, ba za su ba da amsa ba sai bayan kaka. Haka na rubuta a kaye na, littafin da nake ɗaukar bayani a ciki, kalma da kalma.

Da muka dawo rapor huɗu ke jirana. Na zuba wa IA bayanin da wancan umarnin nawa na kullum. Ita kuma da aka ce ta fito da nasara, sai ta fito da ita: ta rubuta cewa makiyaya, ta bakin Ardo Bube, sun amince a kauda burtali. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba wai ban gani ba ne. Idona ya bi ta kan kalmar amincewar. Amma layin ya yi kyau, irin wanda shef ke so, kuma ban san yadda zan gyara shi ba tare da na lalata Faransancin ba. Na ce a raina ai kusan duk ɗaya ne, ƙarshenta ma za su yarda. Na sa hannu na miƙa.

Rapor ya tafi meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, daga can labari ya kai wa manoma cewa an gama magana. Ruwan farko na sauka suka shuka hatsi a kan tsohuwar hanya. Ranar da makiyaya suka koro shanu suka tarar da shuka ta tsiro a gabansu, saura kaɗan a ɗaga sanduna. Mai gari ne ya shiga tsakani, Allah ya tsare ba a zubar da jini ba. Amma tun daga ranar mutanen Ardo suke cewa ya sayar da su a bayan idonsu. An ce har 'ya'yan ƙannensa sun daina zuwa gaishe shi.

Ranar kasuwa sai ga shi a biro ɗinmu. Ya shigo motar haya tun daga can, tsoho mai kusan shekara saba'in. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a tabarmar da muke salla. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi: "Na zo in ga wanda ya ji na ce na yarda." Ina zaune a teburina, tsakaninmu bai fi taku biyar ba. Shef ya dube ni, ya dubi Zubairu, ya ce tun bara ba a ƙara samun kuskure a rapor ɗina ba, don haka matsalar daga fassara take. Zubairu ya rantse cewa abin da Ardo ya faɗa shi ya faɗa. Ya juyo ya ce mini: "Madam, ke ma kin ji, ki tuna." Tanti, na ce masa an daɗe, ba zan iya tuna kalma da kalma ba. Alhali kaye ɗin yana cikin jakata, a jingine da ƙafata.

Yanzu an dakatar da Zubairu daga fita ƙauye, an bar shi yana jera takardu. Danginsa suna ganin shi ya juya maganar dattijonsu don ya faranta wa masu biro. Kuma kullum da safe sai ya gaishe ni kamar yadda ya saba, har ya tambayi yara. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na rame, maigidana yana tambaya ina ce masa zafi ne. Idan na ɗaga hannu zan yi addu'a, fuskar tsohon nan a kan tabarma nake gani.

Abin da ya sa na kasa ƙara jira shi ne shef ya ce sati mai zuwa in koya wa sauran ma'aikata dabarun rubuta rapor. Ni da ban iya haɗa layi biyar ba. Idan na faɗi gaskiya, kowa zai san shekara guda ina karɓar yabon da ba nawa ba, kuma zan iya rasa aikin da nake taimaka wa gidana da shi. Idan na yi shiru, ban san yadda zan ci gaba da haɗa ido da Zubairu ba. Har na yi tunanin in ajiye aikin kawai in ce rashin lafiya ne. Ki gaya mini abin yi, ko da zai yi mini ɗaci.

Taki,
Wadda kunya ta hana ɗaga kai, Tasawa

*

'Yar uwata, wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma tun da kin ce in faɗa ko da ɗaci, to ga shi.

Kin haɗa abu biyu kin ƙulle wuri ɗaya, kuma ƙaramin ne yake hana ki gyara babban. Amfani da IA don gyara Faransanci ba abin kunya ba ne. Ke kika zauna gindin gawo tun hantsi, ke kika saurara, ke kika rubuta daidai. Wannan shi ne aikin, kuma kin iya shi. Ina mai tabbatar miki ba ke kaɗai ke taɓa wannan manhaja a ofisoshin Tasawa ba. Shef ɗinki ma yana da nasa kason, domin wanda ke yi wa ma'aikaciya dariya a bainar jama'a, kuma ba ya son jin komai sai an amince, shi ke koya wa mutane ɓoye-ɓoye. Haka kuma bai kamata ya yanke hukunci kan Zubairu ba tare da ya nemi ganin bayanin asali ba.

Amma wannan bai wanke ki ba. Na'ura ba ta sa hannu ba, ke kika sa, bayan kin ga kuskuren. Kuma ranar da mutum ya dube ki ya ce ki tuna, kika ce kin manta, babu IA a wurin. Wannan naki ne ke kaɗai, kuma mutum biyu ne ke biya da mutuncinsu.

Ajiye aiki da sunan rashin lafiya ki cire shi daga ranki. Zai huce miki kunya, ya bar Zubairu da tabo har abada.

Ki fara da maigidanki yau, domin kina buƙatar wanda zai tsaya bayanki idan abin ya taɓa aikin. Gobe ki sami Zubairu ku biyu, kafin kowa. Ki nuna masa abin da kika rubuta ranar, ki gaya masa gaskiya ba tare da kwana-kwana ba, kar ki ce na'ura ce ta ja. Yana iya yin fushi, haƙƙinsa ne, kar ki matsa masa ya ce ya yafe nan take. Daga nan ki shiga wurin shef da bayanin asali da gyara a rubuce, a Faransancinki na kanki ko da ya karkace, ki nemi a aika wa meri. Ki yi wannan cikin satin nan. Hatsi yana girma a kan hanyar shanu, kuma duk ranar da aka ƙara sulhu yana ƙara wuya.

Sai Ardo Bube. Takarda ba za ta maido masa da abin da ya rasa ba, domin ba a takarda ya rasa shi ba. Ki nemi a kai ki, ki tsaya gaban mutanensa, Zubairu yana fassarawa idan ya yarda, ki ce dattijonku bai ce ya amince ba, ni na rubuta ba daidai ba. Manoman ma ki gaya musu, don sun zuba irinsu ne bisa labarin da aka ba su, kuma ƙungiyarku ce ya kamata ta zauna da mai gari a nemo yadda ba za su tashi a tutar babu ba.

Ba zan yi miki alkawarin aikinki zai tsira ba. Ana iya ba ki gargaɗi, ana iya fin haka. Sai dai wadda ta kawo kanta da hujja a hannu tana da abin faɗa fiye da wadda aka tono, kuma irin wannan magana ba ta daɗewa a binne.

Idan kin ci gaba da amfani da manhajar, ki watsar da umarnin nan na fito da nasarori. Ki ce mata ta gyara harshe kawai, kar ta ƙara komai, kar ta rage. Idan ta gama, ki sa ta maido miki da shi cikin sauƙaƙan kalmomi, ki gwada da bayaninki layi bayan layi. Duk inda aka ce wani ya yarda ko ya ƙi, ki karanta wa wanda kuka je tare kafin ki sa hannu. Sunayen mutane kuma ki daina zuba mata su, ki sa su da kanki daga baya. Ki riƙa tambayarta dalilin kowane gyara, a hankali Faransancin zai zauna miki. Koyarwar sati mai zuwa ki roƙi a ɗage ta. Idan ƙura ta lafa kuma aka sake nema, ki koya musu wannan ɗin, har da inda kika yi tuntuɓe.

Kwanaki masu nauyi suna gabanki, amma ba su da yawa, kuma macen da ta shekara bakwai tana zaunar da masu faɗa su saurari juna za ta iya faɗin magana ɗaya mai wuya. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya ran waɗanda aka ɓata wa, ya ba manoma da makiyayan garin damina mai albarka da zama lafiya.

Tanti Nasiba